Maharbi, Jagora Da Iska: Alhakin Kuskure A Wuyan Wa Yake?

A wannan mako muna so mu tattauna wata mas'ala wadda ba ta rabuwa da duk mutumin da ya taɓa yin aikin tarayya da wasu. Mas'alar kuwa ita ce: idan hannuwa da yawa suka haɗu a kan aiki guda, a cikin aikin nan kuma akwai abin da ya fi ƙarfin kowa, sa'an nan aka zo aka sami tangarɗa, yaya za a raba alhaki? Mene ne rabon mai ba da umurni, mene ne rabon wanda ya zartar, mene ne kuma ba laifin kowa ba? Wane haƙƙi abokan aiki suke da shi a kan mutumin da shi kaɗai ya san cewa ɓarnar daga hannunsa ta fito?

Za mu ɗauko misalinmu daga wani wasa wanda ba a san shi sosai a wajenmu ba, watau gasar harbin allo da bindiga daga nesa mai tsawo, irin wadda ƙungiyoyin ƙasashe suke ƙetare teku domin su kara da juna. Kada mai karatu ya yi mamakin ganin zancen harbi a wannan fili. Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun ware babi guda a kan tsere da gasar harbi, wanda suke kira musabaƙa. Imamu Shafi'i, wanda shi kansa an san shi da gwanintar harbin kibiya, ya yi bayaninsa a cikin Al-Umm. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya yi littafi sukutum mai suna Al-Furusiyya, a Muhtasar na Shehu Halilu ma babin yana nan. Abin da suka fi ƙarfafawa shi ne a fayyace sharuɗɗa tun kafin a fara: wa zai yi harbi, daga ina, sau nawa ake bukata ya samu, kuma wane irin samu ne za a lissafa. Manufarsu ita ce kada a bar kafar gardama, kada kuma wani ya ci abin da bai cancanta ba.

ASALIN GASAR

Tushen wannan wasa a Ingila yake. A 1859 aka kafa ƙungiyar maharba ta ƙasar, a watan Yuli na 1860 kuma ta yi taronta na farko a filin Wimbledon, kusa da Landan, inda Sarauniya Biktoriya ta buɗe taro da harbi daga yadi 400. An riga an kafa bindigar a kan maɗauki an saita mata ita, iyakacin aikinta shi ne ta ja igiya, harsashi kuwa ya sauka dab da tsakiyar allo. Ka ga ke nan tun daga harbin farko tambayarmu ta taso: wa ya samu, mai jan igiya ko wanda ya yi saiti? A 1890 aka mayar da taron Bisley, a yankin Surrey, inda ake yinsa har gobe.

Tafiye-tafiye zuwa ƙasashen waje ba su daɗe ba suka biyo baya. A 1873 maharban Ayalan suka doke na Ingila da na Sikotilan a gasar Elcho, sai suka aika wa Amurkawa goron gayyata. A watan Satumba na 1874 suka shiga jirgin ruwa suka je suka kara da su a filin Creedmoor, kusa da birnin Niyu Yok. A 1876, shekarar da Amurka ta cika shekara 100 da samun 'yancin kai, aka yi gasa a wannan fili tsakanin Amurka, da Ayalan, da Sikotilan, da Kanada, da Ostareliya, wannan kuwa ita ce mafarin gasar Palma, wadda ita ce uwa a wannan fanni. A zamanin nan akan yi ta kusan duk bayan shekara 4, kowane karo a wata ƙasa. An yi a Camp Perry ta Amurka a 2015 Birtaniya ta ci, an yi a Trentham ta Niyu Zilan a 2019 Ostareliya ta ci, sa'an nan aka yi a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu a 2024.

Kowace ƙasa tana fitar da maharba 16. Kowane maharbi zai yi harbi 15 na lissafi daga yadi 800, da 15 daga yadi 900, da 15 daga yadi 1,000, ko kuwa kwatankwacinsu da ma'aunin mita, sa'an nan a maimaita kashegari. Wanda ya sami cibiyar allo yana da maki 5, saboda haka iyakar abin da ƙungiya za ta iya tarawa a kwana biyun shi ne maki 7,200. Rub da ciki ake kwanciya. Ba a yarda a jingina bindiga da komai ba, sai maɗaurin da ke haɗa ta da damtse, ba a kuma yarda a ɗora mata madubin hangen nesa ba. Daga yadi 1,000, baƙin da'irar da maharbi yake aunawa bai kai girman ƙwayar gero da mutum ya riƙe a tsawon hannunsa ba.

AIKIN ISKA

Babbar abokiyar gabar maharbi a irin wannan nisa ita ce iska. Harsashi yana fita daga bakin bindiga da gudun kimanin mita 900 a sakan guda, amma duk da haka sai ya yi wajen sakan ɗaya da rabi a sarari kafin ya cim ma allon da ke yadi 1,000. A cikin wannan ɗan lokaci yana hannun iska. Idan tana kaɗowa daga gefe da ƙarfin mil 10 a awa, tana iya ture shi kimanin ƙafa 8 daga inda aka auna. Cibiyar allo kuwa faɗinta inci 20 ne, watau inci 10 kowane gefe daga tsakiya. Ma'anar wannan ita ce, in iska ta ƙaru ko ta ragu da mil ɗaya tak, canjin da fatar mutum da ƙyar za ta ji shi, ya isa ya fitar da harbi mai kyau daga cibiya.

Iskar nan kuma ba guda ba ce. Wadda ke kusa da maharbi dabam, wadda ke tsakiyar fili dabam, wadda ke bakin allo dabam. Ana gane ta ne ta wurin tutocin da aka jera a fili, da kuma kawalwalniyar zafin rana, wadda in an duba ta madubin hangen nesa za a ga tana malala kamar ruwa zuwa inda iska ta nufa.

Saboda haka ne a gasar ƙungiya ake raba aiki. Maharban nan 16 ana kasa su kashi 4, kowane kashi da allonsa, kowane allo kuma da mai karatun iska, wanda za mu kira shi jagora. Jagora yana zaune a gefen maharbi, idonsa a madubi, hannunsa a kan 'yar ƙusar da ake murɗawa a karkatar da saitin bindiga dama ko hagu. Shi ne zai murɗa, shi ne zai ce a harba ko a dakata. A bayansu akwai babban jagora, wanda yake magana da jagororin nan 4 ta waya a kunne, yana tattara abin da kowane allo ya nuna. Akwai kuma mai rubutu, wanda yake zana inda kowane harsashi ya sauka. Aikin maharbi shi ne ya riƙe bindiga ba motsi, ya daidaita ido, ya tsai da numfashi, ya ja kunama ba tare da fizga ba, da zarar an ce ya harba.

KALMA GUDA BAYAN HARBI

To, a nan ne mas'alarmu take. An yi harbi, allo ya nuna harsashi ya sauka a hagu, wajen cibiya, an yi asarar maki. Dalili ba zai wuce ɗaya daga cikin abubuwa uku ba, in an ɗebe matsalar bindiga ko harsashi. Ko dai jagora ya karanta iska ba daidai ba, ko iska ta juya bayan harsashi ya riga ya fita, ko kuwa maharbi ya motsa a daidai lokacin da kunama ta saki. Ramin da ke jikin allo iri ɗaya ne a duka ukun, ba ya faɗin wanda ya yi shi. Jagora bai ga abin da ya faru a cikin saiti ba, domin idonsa yana kan tutoci. Mutum guda ne a duniya ya san ko hannu ya girgiza, shi ne maharbin. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Shi ya sa al'adar wannan wasa ta ɗora wa maharbi wajibi guda wanda ba ya cikin lissafin maki. Da zarar bindiga ta tashi, tun kafin allo ya nuna sakamako, zai faɗa wa jagora yadda harbin ya bar hannunsa: ya tafi daidai, ko na karkata hagu, ko na sauke ƙasa. Kalma ce ɗaya ko biyu, amma a kanta dukan aikin ya dogara.

Mu duba abin da zai biyo baya in ya yi shiru. Jagora zai ga rami a hagu, maharbi bai ce komai ba, sai ya ɗauka iskar dama ta ƙaru ba tare da ya lura ba. Sai ya murɗa saiti domin ya gyara iskar da babu ita. Harbi na gaba, ko da ya fita lafiya lau, zai sauka a dama, wajen cibiya. Maki ɗaya ya zama biyu. Bai tsaya nan ba, domin babban jagora ya ji labari ta waya, yana iya gargaɗin sauran alluna uku su ma su gyara. Mutane uku waɗanda ba su ji ba ba su gani ba za su yi harbi mai kyau su sami sakamako mummuna, jagoran da ya yi aikinsa daidai zai fara shakkar idonsa, mai rubutu kuma ya shigar da ƙarya a takardar da za a dogara da ita gobe.

Wannan shi ne abu na farko da muke so mai karatu ya riƙe. Mun saba ɗaukar amsa laifi a matsayin kyakkyawan hali na mutum shi kaɗai, wani abu tsakaninsa da zuciyarsa, in ya yi a yaba masa, in bai yi ba a ce ai ɗan'adam ne. A aikin tarayya al'amarin ya wuce haka. Sanin inda kuskure ya fito dukiya ce ta jama'a wadda aka ajiye a hannun mutum ɗaya. Wanda ya ɓoye ta ya ci amana, ko da bai buɗe baki ya yi ƙarya ba, domin ya bar abokansa suna gyaran abin da bai lalace ba, suna lalata abin da yake daidai.

Abu na biyu, wannan amana tana da wa'adi. In maharbi ya faɗi gaskiya cikin sakan biyu, ya ceci maki. In ya bari sai da dare, bayan an gama an koma masauki, sa'an nan ya ce wa jagora ai harbi na bakwai ɗin nan laifina ne, to ya sauke nauyin da ke ƙirjinsa, amma bai mayar wa kowa da komai ba. Amsa laifi bayan an tashi daga kasuwa ta fi rashinta, amma ba ita ce abin da abokan aiki suke bin mutum bashi ba.

DALILIN DA YA SA FAƊIN GASKIYA YAKE DA WUYA

Mai karatu yana iya cewa, mene ne abin wahala a cikin faɗin kalma biyu? Sai mu tuna masa halin da mutumin yake ciki. Masu wannan wasa galibinsu ba sana'arsu ba ce, ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ɗalibai, sau da yawa kuma su ne ke ɗaukar mafi yawan kuɗin tafiya. Mutum ya shekara biyu ko uku yana horo, ya ɗauki hutu daga wurin aiki, ya bar iyali makonni, ya sha fama da takardun izinin shiga da bindiga ƙasar wani. Sa'an nan ayarin da ya yi tafiya ya fi adadin waɗanda za su kwanta a ranar babbar gasa. Shugaban ƙungiya yana lura da kowa a ƙananan gasannin da ake fara yi, daga nan zai fitar da sunaye, saura su zama 'yan ko-ta-kwana. Maharbin da ya ce na karkata sau uku a yini guda ya san cewa da bakinsa yake rubuta takardar ajiye kansa. Iska kuwa ga ta nan tana kaɗawa, ba ta da bakin da za ta kare kanta in an ɗora mata laifi.

Baƙunci kuma yana ƙara wa gaskiya tsada. Masu masauki sun san filinsu tun suna yara, sun san tutar da ke faɗin gaskiya da wadda tudu ko bishiya ke ruɗarwa. Baƙo kwanaki kaɗan gare shi ya koyi duk wannan. Filin Trentham yana cikin kwari, ya kuma yi suna wajen iska mai saurin juyawa. Bloemfontein tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,400 daga teku, iskar can ba ta da kauri irin ta Bisley, saboda haka saitin da mutum ya zo da shi daga gida sai an sake shi. Duk wannan ilmi daga ramukan allo ake tsinto shi, rami kuwa ba ya zama hujja sai an san yadda harbin ya bar hannu. Ƙungiyar da maharbanta ke rufa wa kansu asiri za ta koma gida ba ta san filin ba.

Daga nan wani nauyi ya hau kan shugaba. In ya zamana duk wanda ya amsa kuskure shi ake ajiyewa, wanda ya yi shiru kuma a ɗauke shi, to shugaban da kansa ya koya wa mutanensa ɓoyo, kada kuma ya zo daga baya yana kukan ba a faɗa masa gaskiya. Wanda yake son a riƙa sanar da shi inda bango ya tsage, wajibi ne ya nuna cewa mai sanarwa ba ya hasara. Haka nan jagora, in shi ne ya makara wajen ganin tuta ta sauka, ya kamata ya faɗa nan take, domin maharbi ya san hannunsa lafiya yake, kada ya shiga canja riƙon da ba shi da aibi.

WAƊANSU TAMBAYOYI

Idan wani ya ce: to ai maharbin nan shi ma gwani ne wajen karatun iska, domin a gasar ɗaiɗaiku an hana kowa ya taimaki wani, shi yake yi wa kansa. Yaya za a ce ya miƙa hankalinsa ga wani, ya harba a saitin da zuciyarsa ke gaya masa ba daidai ba ne? Sai mu ce: yana da damar magana, kuma ya kamata ya yi ta kafin harbi. Abin da ba shi da dama shi ne ya yi shiru, sa'an nan a ɓoye ya ɗan karkatar da bindiga zuwa inda yake ganin ya fi. In ya yi haka ya kuskure, ɓarnar a fili take. In kuwa ya samu, ɓarnar ta fi girma, domin jagora zai ga harsashi a cibiya ya tabbata cewa karatunsa daidai ne, alhali kuwa ba daidai ba ne, sai ya ɗora maharbi na gaba a kan wannan kuskure. Saɓa wa jagora a fili shawara ce, saɓa masa a ɓoye kuwa ha'inci ne, ko da an ci riba.

Idan kuma aka ce: ashe ke nan maharbi ya zama kamar igiyar da Sarauniya ta ja, ba shi da alhakin komai sai bin umurni? Sai mu ce a'a. Akwai abubuwan da ba a miƙa su ga kowa. In mutum ko dabba ta gitta a fili, ko jagora ya ce a harba sau goma, yatsan na maharbi ne, jinin kuma a wuyansa. Haka nan tabbatar da cewa allon da yake aunawa nasa ne. Alluna a jere suke, kamarsu ɗaya, lamba ce kawai ta bambanta su, dokar wasa kuwa ta ce harbin da ya sauka a allon wani daidai yake da wanda ya faɗa daji.

Wannan ya taɓa faruwa a gasar Creedmoor ta 1874 da muka ambata. Kowane ɓangare mutum 6 ne, kowa da harbi 45, cibiya a lokacin maki 4 ce. Wani maharbin Ayalan mai suna Millner ya yi harbi mai kyau ya sami cibiya, amma a allon da ba nasa ba, aka rubuta masa sifiri. Da aka gama lissafi, Amurka tana da 934, Ayalan tana da 931. Da harbin nan ya shiga lissafi, da baƙi sun ci da maki ɗaya. Har yau in an ba da labarin gasar, sai an ambaci wannan kuskure.

Amma mu tsaya mu yi adalci. Iyakar makin da Ayalan za ta iya samu a ranar shi ne 1,080, ta sami 931, watau ta zubar da 149. Daga cikinsu 4 ne kawai suka tafi a wannan harbi. Sauran 145 sun zube ɗaya bayan ɗaya, a hannun dukan mutanen shida, ba wanda ya riƙe su a ka, domin ba su da labari mai daɗin bayarwa. Kowane huɗu daga cikinsu sun isa su juya sakamako. Kuskuren Millner nasa ne, ba mai ɗauke masa. Faɗuwar ƙungiya kuwa ta kowa ce, wanda ya ɗora ta a kan mutum ɗaya ya zalunce shi, ya kuma hana saura duba nasu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shi dai Millner bai bar harbi ba, a 1908 ya ci lambar zinariya ta wasannin Olamfik a harbin yadi 1,000 a Bisley, shekara 34 bayan wancan kuskure.

Tambaya ta uku ita ce ta sa'a. Wani lokaci jagora ya karanta daidai, maharbi ya saki daidai, amma a cikin sakan ɗaya da rabin nan iska ta ɗauke. Wannan ba laifin kowa ba ne, neman wanda za a ɗora wa kuwa zalunci ne, yana kuma sa a gyara abin da bai kamata a taɓa ba. Amma ba wanda yake da ikon cewa iska ce sai bayan maharbi da jagora kowa ya binciki nasa ya faɗi gaskiya. Mutane da yawa sukan fara da abin da ya kamata su ƙare da shi, da an sami matsala sai su ce abin ya fi ƙarfinmu, tun ba su duba hannunsu ba.

Akwai kuma kishiyar wannan, ita ce kuwa ta fi kowace wuya. Maharbi ya fizgi kunama, ya san harbin ya karkata, amma iska ta canja a daidai lokacin ta mayar da harsashi cikin cibiya. An rubuta maki 5, jagora ya yi murmushi. Shin zai faɗa? Lalle zai faɗa. Makin ya halatta, domin dokar wasa ramin allo take dubawa, ba wanda zai ce a mayar. Amma yabon bai halatta ba, kuma jagora yana bukatar ya san cewa iskar ta motsa. Amsa kuskuren da kowa ya gani ba wani abin kirki ba ne. Wanda ya iya cewa wannan nasara ba aikina ba ce, alhali ba mai iya tona shi, shi ne za a iya dogara da maganarsa.

Kada kuma a ɗauka cewa yawan cewa laifina ne shi ne abin nema. Maharbin da ya saki harbi lafiya, ya ga ya fita, sai ya ce ni ne, don ya faranta wa jagora ko don a ce yana da tawali'u, ya yi ɓarna daidai da ta mai ɓoyo. Ya rufe wa jagora canjin iska na gaske, harbi na gaba ma zai bi na farko. Abin da ake nema shi ne mutum ya faɗi abin da ya faru yadda ya faru, ba ƙari ba ragi, ko ya daɗa masa daraja ko ya rage.

Wannan hali ya taɓa bayyana har a tsakanin ƙasashe. A gasar Palma ta 1903 a Bisley, Amurka ta zo ta ɗaya ta tafi da kyautar gida. Daga baya aka yi ta muhawara cewa bututun bindigoginsu ba irin na sojan ƙasarsu ba ne sak, alhali sharaɗin gasa ya bukaci haka. A 1904 ƙungiyar maharba ta Amurka ta mayar da kyautar Ingila, Ingilishi kuma suka karɓe ta a matsayin ajiya, ba su ce su ne suka ci ba. Mai karatu ya tuna abin da malaman fiƙihu suka ƙarfafa na fayyace sharuɗɗa tun farko.

ABIN DA YA SHAFE MU

Mafi yawanmu ba za mu taɓa kwanciya a bayan irin wannan bindiga ba, amma ba wanda ba ya cikin wani aiki inda wani ke yanke shawara bisa ga abin da muka gaya masa. Majinyacin da bai sha magani yadda aka ce ba, ya koma ya ce wa likita maganin bai yi aiki ba, ya sa likita ya murɗa saiti domin iskar da babu ita. Yaron shago da ya yi kuskuren lissafi ya ce kasuwa ce ta faɗi, da ma'aikacin da ya manta takarda a aljihun tebur ya ce daga sama aka riƙe ta, da magini da ya rage siminti ya ce ruwan sama ne, duk hukuncinsu ɗaya. Asarar farko ƙarama ce, ana iya gyara ta. Babbar asara ita ce wadda ke zuwa bayan an gina shawara a kan labarin da ba gaskiya ba.

Saboda haka muna kira ga wanda ke ƙarƙashin wani ya faɗi nasa kuskure tun faɗin yana da amfani, ya kuma faɗi saɓaninsa a fili kafin a zartar. Muna kira ga wanda ke shugabantar wasu ya sauƙaƙa musu faɗin gaskiya, ya riga su amsa nasa, kada kuma ya tattara faɗuwar jama'a ya jibga wa wanda kuskurensa ya fi fitowa fili. Abin da ya rage bayan wannan, wanda ba hannun kowa a ciki, sai a yi haƙuri da shi, a sake shiri.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya sa mu faɗi gaskiya ko da a kan kawunanmu ne, Ya kiyashe mu ɗora wa wani abin da bai yi ba. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.